Ɗan Akuyan Da Rufus Ya Fitar Daga Rijiya

Assalamu alaikum.

Mai girma shugaban wannan taro, Alhaji Babakura; wakilan iyayen ƙasa na Nguru da na Gashua; malamanmu da limamanmu; shugabannin coci; ma'aikatan tashar jirgin ƙasa; 'yan kasuwa; iyayenmu mata da ke zaune can ƙarƙashin rumfa; da dukkan jama'ar da suka taso tun daga Jajimaji da Machina, ina yi muku barka da zuwa.

Ina godiya ga Allah da ya tara mu, ina kuma godiya ga kwamitin da ya ba ni lasifika. Wanda bai san ni ba, ni ne Sabitu mai sharhin majigi. Shekara goma sha biyar ina tsaye gefen farin ƙyalle ina ara wa hotuna baki, wannan bawan Allah da muke sallama yau, Malam Rufus, yana bayana yana juya inji. Gobe jirgin safe zai mai da shi garinsu a kudu.

Abu na farko, mu faɗi gaskiya tunda manya suna nan. Motar majigi takan zo da fim ɗin noman gyaɗa, da na allurar rigakafi, da labarun gwamnati. Kun kalla, mun gode. Amma ba su suka fito da ku daga gida da tabarmi bayan magariba ba. Katun ya fito da ku, zanen nan mai motsi da muke sakawa a ƙarshe. Na sha ganin dattijo da rawani ya ce jikoki ya rako, a tashi a ga jikokin sun yi barci, shi kuwa yana share hawayen dariya. Ba zan kama suna ba, yana layin gaba.

Abu na biyu, me ya sa muke son sa haka? Domin katun ba ya tambayar yarenka. Babarbare da Bade da Ngizim da Bafillace da mutumin kudu, a lokaci ɗaya dariya take ƙwace musu, ni mai sharhi ma sai in yi shiru. Kuma a cikinsa ƙarami yakan kayar da babba. A cikinsa dutse yakan faɗo wa mutum ya baje shi kamar waina, ya miƙe, ya kakkaɓe jiki, ya ci gaba da tafiya. Wanda ya wuni yana dakon buhu a tasha yana bukatar ya ga haka. Yanzu an ce talabijin ta iso Maiduguri, har Alhaji Rabe ya kafa ƙarfen eriya da ya fi giginya tsawo, amma yayyafi da ƙara kawai yake samu a akwatin. Allah ya kawo hoton, Alhaji. Za a ga katun a ɗaki, amma ba za a ji dariyar mutum dubu a fili ɗaya ba.

Abu na uku shi ne ya fi nauyi, kuma saƙo ne aka ɗora mini.

Duk kun san Ɗan Ƙiriniya, ɗan akuyan nan mai kunne ɗaya a lanƙwashe. Kun san yadda yake cin hular mai gadi, ya bi malam-buɗe-littafi da tsalle har ya afka rijiya. Kun kuma san abin da ke biyo baya: sai ya fito da baya-baya, ƙafa a sama, ya dira bakin rijiya, ya koma wajen uwarsa da baya, fili ya kaure da tafi. Jama'a, ba haka masu zanen suka zana shi ba. A nasu zanen, in ya faɗa ba ya fitowa.

An aiko da fim ɗin ne don a koya wa mutane gina wa rijiya baki. Ranar da muka fara nuna shi a Gashua, cikin alif ɗari tara da sittin da uku, akwai wata baiwar Allah cikin mata, Ya Aisa. Ba mu sani ba, ashe wata biyu kafin nan rijiyar unguwarsu ta ci ɗanta mai shekara huɗu. Ɗan akuya yana faɗawa ta saki ƙarar da har yau nake ji a kunnena. Rufus kuwa ya riga ya kalli fim ɗin shi kaɗai, ya san abin da ke gaba. Sai ya murɗa inji ya koma baya, ɗan akuya ya fito. Ni kuma na ce, “Allah ya kuɓutar da shi!” Washegari Rufus ya sa almakashi ya yanke ƙarshen, ya rufe a gwangwani. Tun daga ranar, duk garin da muka je da baya muke fito da shi.

Makon jiya ya zo gidana da gwangwanin nan da kuke gani a hannuna. Ya ce, “Malam Sabitu, shekara goma sha biyar ina nuna wa mutane ƙarya. Aikin da aka ba ni ban yi shi daidai ba. Ba na so in hau jirgi da wannan a wuyana. Ka nuna musu ƙarshen gaskiya, ka roƙa mini gafara.” Mutumin da bai taɓa makara ba ko sau ɗaya, yau shi ke ganin ya ci amanarku. Abin ya dame ni ƙwarai.

Na ce ba ni da ikon yanke wannan hukunci. Na hau mota na je Gashua wajen mai ikon. Na tarar da Ya Aisa tana gyaran kifi, na kwashe duka na gaya mata. Ta ce, “Kai Sabitu, kun ɗauka ban sani ba? Akuya tana tafiya da baya ne? Ni na ga ƙarshen gaskiya a unguwarmu, ba na bukatar na gwangwani.” Sannan ta ja ni ta nuna mini rijiyar. An gina mata baki har ƙugu. Ta ce bayan majigin nan ita da matan unguwa suka tsaya sai da aka gina, daga nan suka bi sauran rijiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, “Ka gaya wa Rufus, duk zuwan motarku ina layin gaba. Minti ɗaya nake zuwa gani, lokacin da rijiya take mayar da abin da ta ɗauka.”

Malam Rufus, ɗago kanka. Ga Ya Aisa can ta zo da ƙafarta. Babu wanda zai yafe maka, domin babu wanda ka yi wa laifi. Ga gwangwaninka, ba mu buɗe ba, kuma ba za mu buɗe ba. In an idar da magariba za mu ɗaura ƙyalle a filin nan karo na ƙarshe, ka tsaya a bayana inda ka saba, ka fito mana da shi.

Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka tarar da iyalinka lafiya. Allah ya ji ƙan ɗan Ya Aisa da dukkan waɗanda suka riga mu. Allah ya tsare mana 'ya'yanmu, ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya mai da kowa gidansa cikin aminci.

Na gode.