Wai Saukewa Hutu Ne

"Ku ba ni mako biyu, injin sauke kaya zai tashi. In bai tashi ba, ku riƙe ni da bakina." Ranka ya daɗe manaja, kalmominka ne, a wannan zauren, wata bakwai da suka wuce. To, yau na zo in riƙe ka.

Shugaban taro, shugabannin ƙungiyarmu, malamar jinya ta wannan masaƙa, iyayena, yayyena da ƙannena ma'aikata, assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni dama, ko da yake da na san abin da zan faɗa ke nan, da ban yi fatan zuwan wannan rana ba.

Zan fara da laifina. Ranar da aka yi mana wancan alkawari, matan sito sun ce ba za su ƙara sauke dilar yadi da hannu ba sai an gyara injin. Ni, shugabarsu, ni na miƙe na ce su yi haƙuri. Bayan 'yan makonni ƙanwarmu Mai Waƙa, wadda kowa ya san muryarta tsakanin kantocin da ake jera diloli a kai, ta same ni ta ce, "Yaya, duk ranar da muka sauke dila, washegari ko buta ba na iya ɗagawa." Na yi dariya. Na ce, "Ke dai raguwa ce. Saukewa ai hutu ne, nauyin ne ke kai kansa ƙasa." Ta ce, "To Yaya, Allah ya ba ki irin hutun." Muka yi dariya mu duka.

Ran Talatar da dila ta suɓuce daga can saman kantocin, Mai Waƙa ta tare ta da hannun dama. Ina tsaye na ji ƙarar, kamar an tsinke zare mai kauri. Jijiyar damtsenta ce. Tun ranar ba a ƙara waƙa a sito ba.

Na biyu, abin da na karanta a makare, a littattafan da malamar jinya ta ara mini. In kana ɗaga kaya, tsoka dunƙulewa take yi. In kana saukewa, miƙewa take yi alhali tana riƙe da nauyin, kamar igiyar da ake sassautawa a rijiya da cikakken guga a ƙarshenta. A nan ne take tsattsagewa kaɗan-kaɗan, shi ya sa ciwon ba ya zuwa sai washegari. In kuma nauyin ya fizge ta farat ɗaya, sai ta yage, ko jijiyar ta rabu da ƙashi. Jikin yarinyar nan ya yi ta ba mu labari, mu kuwa muna kiranta raguwa.

Na uku, takarda. Ranka ya daɗe, ka rubuta cewa ba wajen ɗaukar kaya ta ji rauni ba, saukewa take yi, don haka ba raunin aiki ba ne, kuma ƙarshen wata za a ba wata gurbinta. Maganar da na faɗa da jahilci, kai ka rubuta ta da biro ka buga mata hatimi. Ni na je gidanta na roƙi gafara, ta miƙo mini hannun hagu. Kai fa?

Don haka ga wa'adi. Litinin mai zuwa, ƙarfe takwas na safe, injin ya tashi, a gyara takardar, gurbin Mai Waƙa ya jira ta. In ba haka ba, ba za mu yi yajin aiki ba, a'a. Za mu zo da wuri, mu naɗe, mu ɗaure, mu jera. Amma ko dila ɗaya ba za ta sauko ba, kuma ni zan tsaya a gindin kantocin in tabbatar. Tunda saukewa ba aiki ba ne, ba a ɗauke mu don ita ba. Motoci su yi layi a ƙofa. Duk wanda ya gaji da zaman ofis, bismilla, ya zo ya huta.

Allah ya ba ƙanwarmu lafiya, ya mayar mata da hannunta da muryarta. Allah ya yafe mini dariyar nan, ya tsare ku, ya mayar da kowa gidansa da gaɓoɓinsa cif.

Na gode.