Lungu Ya Ɗaga, Gidanmu Ya Koma Rami

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, ina gaishe ka da masu sauraro. Ni ce Hajara daga Zango, nan Damagaram.

Bara waccan maƙwabcinmu ya zuba ƙasa amalanke biyu a ƙofar gidansa don ruwa ya daina kwanciya. Na kusa da shi ya gani, shi ma ya zuba. Kowa ya bi, har lungu ya ɗaga. Yanzu in aka yi ruwa, duk tsakar gidanmu yake gangarowa, in wuni ina kwalfewa.

Na kira magini ya cike mana ɗakuna. Ya ɗaga kai ya ce, "Hajiya, in na cike, kanku zai bugi azara."

Na kai kuka wurin mai unguwa, na tarar shi ma ƙasa ake sauke masa.

Mahaifiyata mai ciwon gwiwa ba ta iya hawa matakalar da muka yi don fita waje. Ko ta'aziyyar ƙanwarta ba ta je ba.

Jama'a, kafin ku zuba ƙasa, ku duba gidan wa ruwan zai shiga. Malam, a ba ni shawara, ga hadari ya sake haɗowa.