Katkat Mai Kujera Bakwai

A teburin mai shayi a Wadata, Mijinyawa tela ya kasa ɗauke ido daga wata baƙar mota katkat da ke gefen titi. Ya zunguri na kusa da shi.

"Malam, wannan ai wahala ce. Ga shan mai, kuma ko lungunmu na Banifandou ba za ta shiga ba."

"Tana shiga. Ko rami ba ka ji."

"Har kujera bakwai. Me mutum zai yi da su?"

"Ashe ka ƙirga."

Mijinyawa ya kurɓi shayi. "Mu bakwai ne a gida. Ranar salla sawu uku nake yi a babur."

Mutumin ya fiddo makulli daga aljihu. "Ni ne direbanta. Maigida kaɗai nake ɗauka, shi da wayarsa. Nawa yaran ta gilashi suke leƙawa."