Ina Zan Kai Gwiwar Nan?

Assalamu alaikum mai gabatarwa, angona na cikin rediyo. Kakarka ce, Hajiya Tabawa daga Maska.

Gwiwata ta kumbura, har salla a zaune nake yi. 'Yata ta kira mini likitan waya, irin wanda ake biya. Na ɗora wayar kan gwiwar don ya taɓa, sai ya kama dariya, ya ce in je asibitin gwamnati a latsa ta. Na hau mashin na je. Ma'aikaciyar asibitin ta ce, "Iya, ai likitanmu ya ajiye aiki, yanzu ta waya yake duba mutane."

To angona, waya ta tura ni asibiti, asibiti ya maido ni waya. Ku ba ni shawara, ina zan nufa? Goshina yana kewar ƙasa.