Hannun Hagu na Thawin

Mai girma Luang Pho, shugaban wannan haikali, da sufayen da ke tare da shi. Mai girma shugaban gundumarmu. Lamduan, matar marigayi, da 'ya'yansa da jikokinsa. Kesorn 'yar Bunluea, da ke zaune can baya kusa da ƙofa. Abokan sana'a da jama'ar Suphan Buri, ina gaishe ku.

Sunana Chaluai. Shekara arba'in da ɗaya na yi ina yanka fim ina haɗa shi, kuma ban taɓa yabon aikin da bai cancanta ba. Ba zan fara yau ba, ranar da Thawin ya cika kwana ɗari da barinmu.

Ya kasance mutum mai zuwa aiki kafin kowa. Ya kasance duk shekarar da kogi ya cika ya ci gidaje, shi ke ɗaukar majigi a kwalekwale ya kai wa waɗanda suka fake a makaranta. Ya kasance, a idon ƙasar nan, rabin mutum, domin ba a kiran sunansa sai an haɗa da na Bunluea, abokin barkwancinsa a fim, wanda ya riga shi rasuwa.

Mun san fim ɗinsu na farko. Abokai biyu aka aika sayo ƙanƙara don biki, suka tsaya ƙarƙashin gada su ja tabar wiwi sau ɗaya, suka iso bayan kwana uku da jiƙaƙƙen buhu. Daɗinsa shi ne musayar magana: wannan ya jefa, wancan ya cafe. Shi iyali suka zaɓa a haska a filin haikali da yammar nan. Na biyu kuwa, ko a littafin tunawa da aka raba muku ba a ambace shi ba.

Na biyu bai kai na farko ba. An kai su Bangkok, an ƙara motoci da hayaƙi, dariya ta ragu. Thawin ya yi ta zuba, Bunluea na gefe yana murmushi. Jaridu suka ce ya ƙwace wa abokinsa magana, mu ma muka maimaita. Shekara talatin ke nan gidajen nan biyu ba sa cin shinkafa a tabarma ɗaya.

Ni na yanka fim ɗin. Tun makon farko na ɗauka na ga Bunluea yana buɗe baki magana ta ɓace masa. Layi ɗaya, sai da aka ɗauka sau goma sha bakwai. Ciwon mantuwar da ya kwantar da shi daga baya ya riga ya fara, ko iyalinsa ba su sani ba. Thawin ya shigo ɗakin aikina ya rufe ƙofa.

Ya ce, "Yaya Chaluai, duk inda ya tsaya yana kallona, ki yanke. Na haddace nasa, zan faɗa."

Na ce, "Kai ɗan banza, za ka fito kamar rediyon mai taliya, kai kaɗai kana surutu."

Ya ce, "To sai me? Gara a ce na cika baki da a ce Bun ya manta. In masu fim suka sani, gobe za su kawo wani."

Na ce masa fim zai lalace. Ya ce, "Dama labarin mashaya biyu ne, Yaya, wa zai kai mu kotu?"

Ya sa na yi alkawarin yin shiru muddin ɗayansu na raye. Na cika. Ba wanda ya isa ya sa ni magana a lokacin, ba kuma wanda ya isa ya hana ni yanzu.

Kesorn, kin yi imani mutumin nan ya kunyata mahaifinki a gaban duniya, kuma abin da aka nuna miki ke nan. Ni na nuna miki shi, da almakashina. Lamduan, kin sha zagin da aka yi wa mijinki har kika ɓoye fim ɗin. Ina roƙonku ku biyu, a haska na biyu bayan na farko. Kada ku saurari bakin Thawin. Ku dubi hannunsa na hagu. Duk inda ya kamata Bunluea ya yi dariya, za ku ga yatsu biyu sun taɓa masa gwiwa. Sau sittin da huɗu ne. Na ƙirga, kuma ban yanke ko ɗaya ba.

Ina gode wa Luang Pho da sufaye, da duk wanda ya kawo abinci ko ya shimfiɗa tabarma. Yanzu za a zuba ruwan sadaukar da lada. Ladan wannan taro ya isa ga Thawin, ya isa ga Bunluea. Duk inda aka sake haifarsu, su haɗu da wuri, cikin lafiya da cikakken tunani.

Kesorn, akwai wuri kusa da Lamduan, kuma butar ruwan ta ishi hannun mutum biyu. Taso.