Gurasa Kaɗai Nake Karɓa

Sau biyu giya ta kwantar da ni a asibiti. Na biyun, a gaban bagaden coci abin ya fara.

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu. Sunana Bitrus. Ban yi makaranta ba, ban kuma iya doguwar magana ba.

Shekara goma sha ɗaya ina sha a garin nan. Gadi nake yi a unguwar Stratford, aka kore ni. Matata ta kwashe yara ta koma wurin yayarta, ban ga laifinta ba. Da hantata ta kumbura, likita ya ce in na ƙara, in yi sallama da duniya.

Baba Rabaran na cocinmu ya same ni a gadon asibiti. Tsoho ne, gwiwa na damunsa, bas biyu yake hawa kafin ya iso. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ɓare mini lemo, ya yi addu'a, ya tafi. Kowace Talata haka.

Na fito, wata huɗu ban taɓa kwalba ba. Sai na ce bari in je Jibin Ubangiji. Kun san a Angilika ruwan inabi na gaske ne, mai sa maye, a ƙoƙon. Na durƙusa, tun yana wurin mutum na uku ƙanshin ya bugi hancina. Na san bai kamata ba. Amma a cocinmu na can ƙasarmu, in mutum bai karɓa ba, an sa shi horo ke nan, kowa sai ya juyo ya dube shi. Kunya ta kama ni. Na kurɓa.

Kafin yamma ina shagon giya. Kwana tara ban san inda kaina yake ba, sai a gadon asibiti na farfaɗo. Wayyo!

Baba ya sake zuwa asibiti, yana haki.

"Bitrus, me ya faru?"

"Ƙoƙonka ne, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Da hannuna na miƙa maka, ban yi tunani ba. Ka yafe mini, ɗana." Mai furfura, yana roƙon mashayi gafara!

Sai kuma ya harare ni. "Kai ma bakinka ciwo yake? Ba ka iya cewa a'a?"

Na ce masa za a ce ina horo.

"Wa ya sa ka? Ni ne Rabaran ko su? Yesu ba rabi yake cikin gurasa ba. Ka karɓi gurasa, ka naɗe hannu a ƙirji, ƙoƙo ya wuce."

Ya kama hannuna ya ce, "Ubangiji, mun gaji, ni da shi. Ka riƙe mu." Iyakar addu'ar ke nan. Na yi kuka kamar ba namiji ba.

Lahadin da na koma, na naɗe hannu. Wata mata ta zuba mini ido. Mama, matar Baba, tana durƙushe kusa da ni, ita ma ta naɗe nata, ta ce a hankali, "Ka dubi gabanka."

Na gode wa Yesu. Wanda kunya ke neman kashe shi, ya buɗe baki, Allah bai gaji da shi ba. Yanzu ɗaki ɗaya nake a unguwar Barking, ina wankin bas. Hantar ba ta warke duka ba, matata ba ta dawo ba. Shekara biyu ban sha ba, kuma yarana sun fara ɗaukar wayata.