Yayen Bashari Kafin Jirgin Jidda

Delou: Alo? Min ma'i? Wa ke magana?

Jamilat: Salamu alaikum, Inna Delou. Jamilat ce.

Delou: Wa alaikumus salam. Wace Jamilat kuma? Kin yi ɓatan lamba, baiwar Allah.

Jamilat: Haba Inna! Jamilat matar Ghali, maman Muhibba.

Delou: Af, nas ɗin nan da ke zuwa Manfuha tana cinye min waina? Ai an ce min ta bar Riyad. Sati uku ba ita ba labarinta, har na yi mata addu'a na shafa.

Jamilat: Tuba nake. Wallahi aiki ne ya sa ni gaba, mutum biyu sun tafi hutu a ɓangarenmu. Ina wuni?

Delou: Lafiya lau. Ina gajiya?

Jamilat: Ba gajiya. Ya zafi? Ya ciniki?

Delou: Zafi lokacinsa ne, ciniki kuma alhamdu lillahi. Ya maigidan? Ya Muhibba?

Jamilat: Duk lafiya, suna gaishe ki.

Delou: Ina mijina Bashari? Shi ma ya sake ni ko? Ko kuɗin cefane bai aiko ba.

Jamilat: Yana nan, ƙiriniya sai abin da ya ƙaru. Shekaranjiya a kan firji na same shi.

Delou: Namiji ke nan. Ƙarar me nake ji haka? Ina kike?

Jamilat: Cikin metro, yanzu na taso daga asibiti. Inna, dama dambun nama nake so ki yi mana, kamar roba biyu. Tafiya za mu yi ranar Asabar ta sama.

Delou: Masha Allah. Umra?

Jamilat: A'a. Jidda dai za mu, amma daga can jirgin ru...

Delou: Jirgin me? Alo? Jamilat? Kin shiga rami ko?

Jamilat: Kina ji na yanzu? Na ce jirgin ruwa za mu shiga.

Delou: Bato? Ku je ina a cikinsa?

Jamilat: Ba ko'ina. Zai zaga da mu teku kwana biyar, ya dawo da mu.

Delou: Tsaya in gane. A ɗauke ku a Jidda, a jujjuya ku kwana biyar, a sauke ku a Jidda?

Jamilat: Haka dai.

Delou: To ki zo ɗakina in ɗora ki a kujera in juya ki, in sauke ki inda na ɗauke ki. Har da waina kyauta.

Jamilat: Kai Inna! Ba kwalekwale ba ne fa. Otal ne guda a kan ruwa, hawa goma sha wani abu. Da wurin cin abinci, da masallaci, da wurin wasan yara. Ghali shekara biyu yana mafarkinsa. Muhibba kuwa tun da ta ga hoton take kwana da jakarta a gado.

Delou: To madalla. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku da ƙafafunku. Roba biyu ba za ta isa ba, mijina kaɗai zai ci ɗaya.

Jamilat: To ai... shi ne maganar.

Delou: Wace magana?

Jamilat: Shi Bashari. Na karanta dokokinsu, Inna. Ɗakin renon yara ba sa karɓar wanda bai kai shekara uku ba, sai dai uwa ta zauna da shi. Wurin wanka ba a sa yaro mai famfas. Ɗakin kwanan kuma in kin miƙe hannu kin taɓa bango biyu. Ga baranda, ƙasanta ruwa ne har iyakar ganinki. Yaron da ke hawa firji!

Delou: Ki rufe ƙofar barandar mana.

Jamilat: Yana buɗe ƙofa. Yana buɗe komai. Ghali cewa yake ba komai, wai turawa da jarirai 'yan wata shida suke shiga. Na ce masa su turawan ba su haifi Bashari ba.

Delou: Ki goya shi. Zani bai ƙare a duniya ba.

Jamilat: Kwana biyar da goyo? Ghali da Muhibba suna can suna sulu a ruwa, ni ina zaga jirgi da buhu a baya? To me na je yi?

Delou: Hm. 'Yar nan, ba dambu kika kira nema ba. Faɗi abin da ke bakinki.

Jamilat: Watansa ashirin, Inna. Lokacin yaye ya yi, har ya so wucewa. Da muna gida da tuni na kai shi Gusau wajen Hajiyarmu ya yi sati. Nan kuwa ba ni da uwa sai ke. Shi ne na ce ko za ki riƙe min shi kwana biyar ɗin nan. Mu tafi, mu dawo, an gama.

Delou: Ni?

Jamilat: Ke mana. Ya san ki, yana cin abincinki, ke kaɗai yake yarda ki ɗauka.

Delou: Ai ɗakina ba ya ɗaukar mutum biyu.

Jamilat: Ran suna mu tara muka zauna a cikinsa.

Delou: To na'urar sanyina tana tari.

Jamilat: Ghali zai turo mai gyara gobe.

Delou: Kuma ni da mijina muna rikici, bai kamata a bar mu mu kaɗai ba.

Jamilat: Inna, don Allah ki bar wasa. Sau uku ina gwadawa a gida. Na shafa maɗaci, ya goge da rigata ya ci gaba. Na ba Ghali shi na kulle kaina a ɗaki, ban yi minti ashirin ba na buɗe. In ina jin kukansa ba zan iya ba. Shi ya sa na ce jirgin nan ne maganina. In ya bar gaɓa, ko na so dawowa ba hanya. Ba tasi, ba metro, wayar ma sai a hankali.

Delou: Wato so kike a ɗaure ki da teku.

Jamilat: Ko me za a kira shi. Kuma in faɗa miki abin da ban faɗa wa Ghali ba? Na gaji. Ina dawowa daga aiki, ko takalmi ban cire ba ya kama min riga. Rabona da barcin da ba a tashe ni ba tun kafin a haife shi. So nake in zauna a gaban ruwan nan awa ɗaya, ba mai jan jikina. In na faɗa sai in ji kamar ni ba uwar kirki ba ce.

Delou: Wannan ba laifi ba ne. Duk wadda ta shayar ta san shi, faɗa ne ba a yi.

Jamilat: To ki taimake ni. Ke kin san yadda ake yi. Kunun da ake damawa, da yadda ake lallashi. Kowa a Riyad in abin yara ya taso ke yake kira.

Delou: ...

Jamilat: Alo? Inna? Layin ne kuma?

Delou: Ba layi ba ne. Ina nan. Bari in sauke tukunya.

Jamilat: To.

Delou: Jamilat, ni ban taɓa yaye yaro ba.

Jamilat: Kamar yaya? Hamissou fa? Ɗanki na Damagaram?

Delou: Shi ɗin. Watansa goma sha tara na kai shi Mirriya wajen innata, da sunan yaye. Sati ɗaya aka ce. Kwana na biyu mai yi min takardun zuwa nan ya aiko, wai biza ta fito, mota za ta tashi bayan azahar, in ban zo ba an ba wata. Na koma gidan in yi sallama, na tarar yana barci a tabarma ƙarƙashin rumfa. Na zauna kusa da shi. Cikin barcin ya miƙo hannu ya damƙe bakin mayafina.

Jamilat: Wayyo.

Delou: Innata ta ce kada in tashe shi, haka ake yi, uwa sulalewa take. Sai na zame mayafin daga kafaɗata na bar masa a hannu. Na ari na ƙanwata na fita.

Jamilat: Ba ki taɓa gaya min ba.

Delou: Wa zai sayi waina a hannun mai kuka? Sai bayan shekara shida na samu komawa. Da na shiga gidan ya gudu bayan rumbu. Yau shekararsa goma sha bakwai, yaron kirki, yana gaishe ni duk Juma'a. Hajiya yake ce min, kamar yadda yake ce wa matar liman.

Jamilat: Allah sarki, Inna. Amma ai don shi kika zo.

Delou: Don shi ne, ban ce a'a ba. Abin da ke ci na daban ne. Ban san me ya yi da ya farka ba. Na tambayi innata ya fi sau ashirin, sai ta ce lafiya lau ya yi. Har ta rasu ba ta ƙara min kalma ɗaya a kai ba. To kin ga, in kika kawo min Bashari, a kansa zan ga abin da aka ɓoye min. Shi nake tsoro, ba ƙiriniyarsa ba.

Jamilat: Ki yafe min. Wallahi ban sani ba. A bar maganar, zan tafi da shi. Zan goya shi, in ya so in mun dawo...

Delou: In kun dawo me? Ki shafa maɗaci karo na huɗu? Dakata, ban ce ba zan karɓa ba.

Jamilat: A'a Inna, ba zan ɗora miki wannan ba.

Delou: Ke yi shiru, babba na magana. Naki kwana biyar ne, da tikitin dawowa a jaka. Ba irin tafiyata ba ce. Kuma gaskiyarki, yaron da ke hawa firji ba shi da aiki a baranda kan teku. In ya kai shekara huɗu ku koma da shi, ya san ma me ya gani. Yanzu ko kun kai shi, kifi da jirgi duk ba su dame shi ba, rigarki kawai zai sani.

Jamilat: To kin yarda ke nan?

Delou: Da sharaɗi biyu. Na farko, ba ranar Asabar za ki kawo shi ba. Alhamis. Ya kwana biyu a wajena kina cikin garin nan, inda tasi zai iya kawo ki. In jikinsa ya yi zafi ko ya ƙi cin komai, ki zo ki ɗauki abinki ku shiga baton tare. Ba zan riƙe ɗan mutane uwarsa na tsakiyar ruwa ban san halinsa ba.

Jamilat: Wannan daidai ne. Ni ma da na yi tunani da haka zan ce. Na biyun fa?

Delou: Ba za ki sulale ba.

Jamilat: Inna...

Delou: Ba yana barci ba, ba na ɗauke masa hankali da alewa ke kuma ki bi bayan ƙofa ba. Idonsa biyu. Ki durƙusa, ki kalle shi, ki ce masa za ki tafi, za ki dawo. Sannan ki tashi ki fita yana kallonki.

Jamilat: Bai kai shekara biyu ba fa. Me zai gane?

Delou: Ban sani ba. Watakila ba komai. Amma ba zai farka ya yi ta dube-dube a ɗakina ba. Wannan kam ba zan iya kallo ba.

Jamilat: Zai yi kuka sosai.

Delou: Zai yi.

Jamilat: Zai riƙe min ƙafa. Inna, abin da nake gudu ke nan tun farko.

Delou: Na sani. Shi ya sa kika nemo jirgi mai hawa goma sha wani abu. Ki yi naki kukan a matakala, ba mai hana ki, maƙwabtana sun saba jin abin da ya fi haka. Amma in ba za ki iya wannan ba, ki saya masa rigar ruwa ku tafi tare, ni kuma in yi muku dambu roba uku. Zaɓi naki ne.

Jamilat: ...

Delou: Alo? Kin sake shiga rami?

Jamilat: A'a. Na wuce tashata ma ban sauka ba.

Delou: To?

Jamilat: Alhamis bayan la'asar. Zan zo da shi ni kaɗai, ban da Ghali, don in yana wurin zan ɓuya a bayansa.

Delou: Allah ya kai mu.

Jamilat: Inna, in na durƙusa na kasa magana fa?

Delou: Sai in jira. Ba inda za ni. Sauka ki koma tasharki, wainata na ƙonewa.